Motar da Merv Ya Ƙi Sayar Mini

Litinin, 6 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Lyle, mijina, ya tafi kai shara juji, gidan ya yi tsit, shi ne na ɗauko wannan littafin. Ragowar na aiki ne, irin wanda nake rubuta nisan tafiya a ciki lokacin da nake raba wasiƙu. Shekara talatin da ɗaya ina bin hanyar nan, daga Deloraine zuwa Mole Creek da gonakin da ke bayanta, kwana biyar a mako, ban taɓa ko goga motar gidan waya da shinge ba. A watan Disamba na miƙa musu makulli. Kowa ya ɗauka gajiya na yi. Na bar su a haka.

Mota zan saya. Na rubuta ne don in ga yadda maganar take a takarda. Ba motar cefane ba, muna da wannan. Ƙaramar motar Ingila nake so, tsohuwa, mai kujera biyu, wadda ake naɗe rufinta a baya. Ina 'yar shekara goma sha huɗu wani likitan dabbobi ya zo gonarmu da irinta duba saniya, ya ɗauke ni daga garke zuwa bakin titi, tafiyar da ba ta kai minti biyu ba. Yau shekarata sittin da uku, ban manta ba.

Abin da nake da shi dala dubu goma sha ɗaya ne, kuɗin sallamata. Masu kyau daga dubu ashirin suke farawa, na sani.

Da na gaya wa Lyle jiya muna cin abinci, sai ya ajiye cokali ya ce, "Mota ba rufi? A Tasmaniya? Ana shirin shiga sanyi?" Na ce eh. Ya ce, "To ki bari mana sai zafi ya dawo, Glenys. Saurin me kike yi?" Na ce masa dankalinsa zai huce.

Ranar 28 ga wata ina da alƙawari a Launceston. Na ce masa sabon tabarau ne. Saura kwana ashirin da biyu.

Laraba, 8 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Na ƙara girman rubutun wayata har kalma uku ke cika ta, duk da haka tallan motocin nan wahalar karantawa gare su. Hasken kicin ɗin nan ne, na sha faɗa ba shi da kyau.

Na kira Nev, makaniken da ya riƙa duba motar aiki. Da ya ji nawa ne kuɗin sai da ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ke Glenys, da wannan ai ba mota za ki saya ba, aikin yi za ki saya mini." Da ya gama tarinsa ya koya mini abu biyu. In tafi da maganaɗisu, irin wanda ake mannawa a jikin firji, in ɗora shi a ƙasan ƙofofi. In ya faɗi, to ba ƙarfe ba ne a wurin, ciko ne aka shafe tsatsa da shi aka fesa fenti. Sannan in taɓa bonet kafin a tayar da ita. In da ɗumi, mai ita ya riga ya ɗumama ta ne don kar in ji yadda take tashi da sanyi. Na ce in tana ɗigar da mai fa? Ya ce, "Duk suna ɗiga. Wadda ba ta ɗiga, man ne babu a ciki."

Na kwashe kayan kabad ɗin kicin kaf na goge na mayar. Jiya ma na yi.

Asabar, 11 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Mun je Launceston ganin wata jar mota. Ni na tuƙa, kamar kullum. Shekara talatin da tara da aurenmu, ni ke tuƙi, Lyle yana riƙe taswira yana barci. Yau bai yi barci ba. Ban san dalili ba, ban kuma tambaya ba.

Mai motar wani matashi ne, ƙamshin turarensa ya riga shi fitowa. Ya ce, "Mama, wannan kamar don ke aka ƙera ta." Sai ƙyalli take a rana. Na taɓa bonet: da ɗumi. Lyle ya tsuguna, gwiwarsa ta yi ƙara, ya ce, "Ga ƙuraje nan a fenti, ƙasan ƙofa." Na ce na gani. Ban gani ba, sai da na shafa da hannu na ji su, kamar bayan kwaɗo. Na ciro maganaɗisuna mai hoton ayaba na manna. Ya faɗi. Na matsa gaba na manna, ya faɗi. Na uku ya gangara ƙarƙashin motar, yaron da kansa ya shiga ya ɗauko mini, ya miƙo mini bai dube ni ba.

A hanyar dawowa Lyle ya ce, "To kin ga ni. Mu sha shayi mu manta." Na ce saura biyu a jerina.

Lahadi, 12 ga Maris, da rana

Katakon ƙofar baya ya sake lanƙwashewa a tsakiya. Na sa hannu, a miƙe yake.

Alhamis, 16 ga Maris, ƙarfe bakwai na yamma

Ta Devonport ba mota ba ce, akwatuna ne. Mutumin ya kwance ta shekara goma sha biyu da suka wuce da niyyar gyarawa, matarsa ta ce ko ita ko tarkacen. Injin yana kan tebur an rufe shi da labule, kujerun suna kan rufin ɗakin kaji. Ya ce, "Komai yana nan, ko kusa ɗaya ba ta ɓata ba. Shekara biyu kin haɗa ta." Na ce masa ba ni da shekara biyu. Ya dube ni wani iri, shi ya ɗauka mutuwa zan yi. Har biskit matarsa ta ƙunsa mana.

Muna fitowa daga gari na hau dakalin shataletale, taya ta bugu sosai. Sun sake fasalin wurin ne, ba haka yake da ba. Bayan nan kuma na wuce kwanar gidanmu. Kwanar da na fi shekara talatin ina shiga. Lyle ya ce a hankali, "Ko in karɓe ki, direba?" Na ce masa ranar da nake so mu iso gida gobe zan ba shi. Ya riƙe ƙunshin biskit ɗin nan a cinya da hannu biyu har ƙofar gida.

Bai kamata in faɗi haka ba. Ban ba shi haƙuri ba.

Saura kwana sha biyu.

Asabar, 18 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Na same ta.

A bayan Sheffield take, gidan wani dattijo, Merv Hingston, tsohon makaniken jirgin ruwa, yana tafiya da sanda. Koriya ce, kore mai duhu, ƙirar 1971. Fentin ya koɗe, kujerar direba ta tsage an ɗinke ta da zaren kamun kifi. Kafin in ciro maganaɗisu ya ce, "Manna duk inda kike so, baiwar Allah. Ga inda zai faɗi," ya nuna bayan tayar hagu da sandarsa. A nan kaɗai ya faɗi. Ya ci gaba da lissafo mini aibinta kamar mai son kora ta: rufi yana yoyo ta gefen fasinja, tayoyi sun tsufa, giya ta biyu tana son a lallaɓa ta, ma'aunin mai ƙarya yake yi. Lyle ya ce, "Kai kuwa sayarwa kake so ko hanawa?" Merv ya ce, "Ƙuguna ne ke son sayarwa, ba ni ba. Ina iya shiga, fitowar ce sai an kira 'yan kwana-kwana."

Bonet sanyi ƙalau. Ya ce in zauna in tayar da kaina. Na ja abin shaƙe iska, na murɗa makulli, ta yi tari sau biyu ta kama. Ban san yadda zan rubuta ƙarar nan ba. A ƙirji ake jin ta. Na zauna hannuna a kan sitiyarin katako, ƙafafuna a miƙe, gindina kusan a ƙasa, ina shaƙar warin mai da tsohuwar fata. Lyle ya ce wani abu, ban ji ba.

Dubu goma sha uku yake so. Na ce sha ɗaya gare ni, ko sisi babu a kai. Ya ce, "Ki tuƙa ta tukuna, sai mu yi faɗan kuɗi." Ruwa ake yi, ya ce ba ya fitar da ita a ruwa. Litinin.

Na ce wa Lyle ranar Litinin ɗin zan je gyaran gashi.

Lahadi, 19 ga Maris, da safe

Na kasa zama. Na share ganyen da ke tsakar gida, iska ta dawo da shi, na sake sharewa.

Litinin, 20 ga Maris, ƙarfe uku na yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru, sau ɗaya.

Gari ya yi garau. Merv ya naɗe rufin, ya ɗauki kusan minti biyar yana sauke kansa cikin kujerar fasinja, yana zagin ƙugunsa. Muka fita. Da farko ina ɗari-ɗari, sai hannuna ya gane ta. Giya ta biyu lallashi take so, gaskiyarsa ne, amma da zarar kin san ta shi ke nan. Muka bi kwanonin da ke gindin Dutsen Roland, tana manne da titi, duk inda na yi niyya kafin in juya ta riga ta tafi. Iska ta fizge ɗankwalina ban ma waiwaya ba. Merv ya ɗaga murya ya ce, "Ashe kin iya! Taka ta, ba ƙwai ba ce!" Na taka. Na ji kaina ina dariya da ƙarfi. Rabon da in yi haka tun kafin Disamba.

Sai muka fito miƙaƙƙen titi. Ina ganin shinge a hagu, ina ganin tumaki a dama, ina ganin komai. Titi fayau, ba kowa.

Merv ya yi ihu, "Keke! Keke!" ya kai hannu ya tura sitiyarin. Motar ta yi tsalle ta koma ɗaya hannun. Wani abu rawaya ya wuce ta gefensa, kusa, kusa ƙwarai. Na taka birki har tayoyi suka yi kuka.

Mace ce, ba za ta wuce talatin ba, da riga rawaya. Ta faɗa cikin ciyawa, ta tashi, gwiwarta ta ɗan goge. Ta zo tana cewa, "Makauniya ce ke? Makauniya ce?" Na ce ta yi haƙuri, na faɗa ya fi sau goma. A bayan keken akwai kujerar yaro. Ba kowa a ciki. Ta ce ɗanta za ta ɗauko daga gidan raino, da a hanyar dawowa ne fa? Ta hau kekenta ta tafi tana kuka.

Merv ya ce in fito. Ya zagayo da sandarsa ya shiga mazaunin direba, ya tuƙa mu gida da wannan ƙugun, duk taka kuloci sai ya cije baki, gumi na zuba a wuyansa. Ya kashe ta a gareji.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce rana ce ta haske mini ido.

Ya ce, "Rana tana bayanmu. Tun ranar Asabar na lura, in kina mini magana kunnena kike kallo, ba fuskata ba. Na ce ko ɗabi'arki ce." Ya cire makullin ya sa a aljihu. "Ba zan sayar miki ba. Ko dubu talatin kika kawo."

Na ce shekara talatin da ɗaya ban taɓa buge ko kaza ba. Ya ce, "Na yarda. Na ga hannunki. Ba hannun ba ne." Ya ce in kira mijina ya zo ya ɗauke ni. Na ce zan kira shi daga bakin titi. Ban kira ba. Na lallaɓo gida da motarmu kamar mai tafiya a ƙasa, kaina a karkace, duk wanda ya zo bayana sai ya yi hon ya wuce.

Lyle ya dubi kaina ya ce gashin ya yi kyau.

Talata, 21 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Wane ne shi da zai ce ba zai sayar mini ba? Kuɗina ne. Tsohon banza mai ƙugun ƙarfe.

Talata, ƙarfe biyu

Riga rawaya ce fa. Rawaya. An yi ta ne don a gani.

Laraba, 22 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Na kira Merv daga bayan ɗakin ajiya. Na ce zan nemo cikon dubu biyun, zan sayar da zoben mahaifiyata. Na ce ba zan hau babban titi da ita ba, sai hanyoyin gona, da rana tsaka, mako ɗaya kawai nake nema, mako ɗaya. Ya bar ni na gama. Ya ce, "A hanyar gona matar nan take, Glenys." Sannan ya ce, "Mijinki ya sani?" Na kashe wayar.

Madara ta ƙare. Na ce wa Lyle ƙafata ke ciwo, ya je ya sayo. Burodi ma shi ya sayo jiya. Motar tana nan inda na ajiye ta ranar Litinin, a karkace.

Saura kwana shida.

Alhamis, 23 ga Maris, da safe

Kujerar yaron nan ta bayan keken ƙarama ce, shuɗiya, da ɗamara biyu.

Juma'a, 24 ga Maris, ƙarfe takwas na safe

Jiya da yamma na shiga kicin na kunna wuta, sai da na runtse ido. Lyle ya canza ƙwayayen fitila duka huɗu, ya sa masu hasken ɗakin tiyata. Na fita ta baya, sai na ga an manna farin tef a bakin kowace matakala. Na tsaya ina kallon tef ɗin na daɗe. Yana cikin lambu yana cire tumatir na ƙarshe.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ya ce, "Tef."

Na ce, "Lyle."

Ya ajiye bokitin. Ya ce, "Tun Kirsimeti na sani. Kin yi wa rigar ruwana da ke rataye a baranda sannu da zuwa, kin tambaye ta ko za ta sha shayi. Wasiƙar asibitin kuma a ƙarƙashin tsummokaran goge kwano kika ɓoye ta. Wa ke goge kwano a gidan nan?"

Na ce to me ya hana shi magana? Ya ce jira yake in faɗa da bakina, don ya san ni, in ya riga ni zan ce ƙarya ne in ƙara taurin kai. Ya ce ya ɗauka in ya bi ni muka yi ta yawon ganin motoci zan gaji in haƙura.

Sai na gaya masa na Litinin. Duka, har da kujerar.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Lyle ba ya faɗa, ko kare ba ya tsawata wa. Ya zauna a kan bakin rijiyar ban ruwa, ya cire hularsa. Ya ce, "Ina zaune kusa da ke ranar Devonport. Na ga kin hau dakali, na ga kin wuce gidanki, na riƙe biskit na yi shiru don kar ranki ya ɓaci. Da kin take matar nan, ni da ke muka take ta." Ya ce, "Gyaran gashi kuma! Gashi kika ce mini!"

Na shiga ciki na ciro makullin motar daga jakata na ajiye a kan tebur, gefen da yake zama. Muka ci abinci yana nan tsakaninmu kusa da gishiri. Da safen nan babu shi.

Lahadi, 26 ga Maris, da rana

Na taka zuwa kogi na dawo. Na sake takawa. Ban san garin nan yana da tudu haka ba.

Talata, 28 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Lyle ya kai ni. Saba'in yake tafiya a babban titi, manyan motoci suna wuce mu, hannunsa biyu a ƙanƙame da sitiyari. Na cije harshena har Launceston.

Ba zan rubuta abin da likitar ta ce ba. Sunan yana da tsawo, Lyle ya rubuta shi a bayan takardar fakin. Idon dama ya tafi. Na hagu za su yi ƙoƙarin riƙe shi inda yake, da allura duk wata. Ta ce ba zan shiga duhu ba, ganin gefe-gefe zai zauna, na tsakiya ne matsalar. Ta tambaye ni ko har yanzu ina tuƙi. Na ce na daina ranar Litinin ta makon jiya. Ta ce na kyauta. Ta cike takardar da za ta aika wa masu ba da lasin tuƙi, na sa hannu inda ta ɗora mini yatsa.

Mun tsaya cin kifi da dankali a bakin ruwa. Ban ci ba. Lyle ya cinye nawa don kar a zubar.

Alhamis, 30 ga Maris, ƙarfe sha ɗaya na safe

Kowa yana mini kirki. Kerryn, 'yarmu, ta kira daga Melbourne sau uku, ta ce za ta aiko mini da agogo mai magana. Nev ya zo da zuma. Lyle yana yanka mini nama ƙanana kamar na kyanwa, na ce masa ido ne, ba haƙori ba.

Na goge kabad. Na zauna a motarmu a kujerar fasinja don in saba, na fito. Na kunna rediyo na kashe.

Ba tuƙin nake ta tunani ba, abin mamaki. Ƙarar injin motar Merv nake tunani. Ƙarar ba ta tsakiyar ido ba ce.

Juma'a, 31 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Na tambayi Lyle yaushe rabonsa da mota mai giyar hannu. Ya yi tunani ya ce tun motar madarar da ya ja kafin aurenmu. Sai ya gane inda na dosa, ya ce, "A'a. A'a, Glenys. Ni? Cikin wannan kwalin ashanar? Mutanen kulob su gan ni?" Na ce sai ya sa hula. Ya ce zai kama mura. Na ce zan saƙa masa abin wuya, saƙa ba ta son ido. Ya ce kuɗin fa, ga allurai, ga zirga-zirga. Na ce na lissafa, kuɗin sallamata ne, kuma shekara talatin da tara ina kai shi duk inda yake so yana minshari. Ya fita lambu. Ba abin da ya rage a lambun da za a cire, amma ya yi awa guda a can. Da ya dawo ya ce, "Ba zan wuce gudun sittin ba."

Na kira Merv. Na ce, "Kar ka kashe wayar. Na ba da lasina. Ni ce mai saye, Lyle ne direba." Ya ce, "Mai jin tsoron ruwan saman nan?" Na ce shi. Ya ce, "Ku zo Lahadi. Sai na gwada shi tukuna. In ya ci mini haƙoran giya, ku koma da kuɗinku." Na ce sha ɗaya ne har yanzu. Ya ce, "Na sani. Cikon dubu biyun ki sa mata tayoyi, kar ki kashe mijin naki."

Lahadi, 2 ga Afrilu, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Nev ya sauke mu a gidan Merv ya wuce kamun kifi.

Gwajin Lyle a filin bayan gida aka yi. Motar ta mutu a hannunsa sau huɗu kafin ta motsa, da ta motsa ta yi ta tsalle kamar ɗan maraƙi. Merv yana tsaye kusa da ni yana ta ihu, "A hankali! Saki ƙafar a hankali, ba maciji ka taka ba!" A zagaye na shida ta tafi sumul. Merv ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Ba shi da kunne ko kaɗan. Amma yana kallon gabansa." Ya sa hannu a takardu. Ya ba mu galan ɗin mai da akwatin fulogogi da wani tsohon bargo, ya shafa bonet ɗin sau ɗaya, ya shige gida tun kafin mu fita daga ƙofa.

Gefen fasinja wata duniya ce. Ciyawar bakin titi tana wucewa daf da gwiwar hannuna, ina ganinta sarai. Lyle yana zaune ƙiƙam da hularsa ta ulu har kunne. Ya kai giya ta biyu ya zauna a nan, injin yana ta kururuwa. Na ce, "Canza." Ya laluba, ya sa ta huɗu, ta fara shaƙewa. Ya koma nema, sai ƙarar ƙarfe, gurrr, har cikin haƙorana. Ya ce, "Ba zan iya kallon titi in nemi wannan sandar ba! Ɗaya zan yi!"

Na ce, "To kalli titi. Cire hannunka."

Na ɗora hannuna na dama a kan giyar. Na ce, "In na ce taka, ka taka kuloci har ƙasa. In na ce saki, ka saki." Na rufe ido ma, don in ji da kyau. Injin ya hau, ya hau. "Taka." Na zura ta uku, ta shige kamar an shafa mata man shanu. "Saki." Muka tafi. Da muka tunkari kwana ya ce, "Kwana, ta hagu, mai tsanani." Na ce, "Birki kaɗan. Taka." Na lallaɓa ta biyu yadda take so. "Saki. Ba ta wuta." Ya ba ta.

Haka muka zo har Deloraine, shi yana faɗa mini abin da ke gaba, ni ina ba shi giya. Tudu. Gada. Tarakta, zan jira. Mai keke, na ba shi fili. Sau biyu muka rikice muka yi magana tare, sau ɗaya ta mutu mana a mahaɗa, wani ya yi hon, Lyle ya ɗaga masa hannu kamar sarki.

A miƙaƙƙen titin da ke kafin gari na ji ƙarar ta wuce inda ya yi alƙawari. Na ce, "Nawa muke yi?"

Ya ce, "Sittin."

Na ce, "Lyle, ina jin injin."

Sai ya ce, "Tamanin da biyar. Akwai wata giyar bayan wannan?"

Na ce, "Babu."

Ya ce, "Kash."